Tuƙa Ƙananan Jiragen Ƙasa na DCC Masu Sauti, Ɗaiɗai da Kuma a Haɗe

A ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo da ake tuƙawa a kan tebur, kan jirgi guda mai sauti, wato injin da ke jan taragu, ba ya ba da wahala. Ka ɗora shi a kan dogo, ka kira adireshi 3, wato lambar da yake amsawa, ka danna maɓalli, inji ya tashi da ruri. Rigima tana farawa ne ranar da ka ce sai biyu sun ja taragu tare. Ɗaya ya zabura, ɗayan yana tsaye yana gyaran murya, sai a riƙa jansa ƙiii ƙafafunsa ba sa ko juyawa. Ka danna hon, su amsa su biyun. Fitilar na baya kuma tana haska ƙeyar na gaba. Kusan duk wannan ana maganinsa ne tun kafin a saƙala ƙugiya, lokacin da kowane kai yake shi kaɗai, don haka daga can za mu faro.

Abin da ke yawo a kan dogo

A tsohon tsari, ƙara wuta shi ne ƙara gudu, kuma duk abin da ke kan layi tare yake tashi. A DCC (Digital Command Control), wato tsarin sarrafa jirage da saƙonnin dijital, wuta tana kan dogo a cike kullum, kimanin bolt 14 zuwa 16 a jirage masu girman da ake kira HO, kusan 12 a na N da suka fi ƙanƙanta, kuma a cikin wutar ne akwatin umarni yake cusa saƙonni. Kowane kai yana ɗauke da dikoda, ƴar na'urar lantarki wadda ke sauraron adireshinta kawai. Kamfanin Lenz na Jamus ne ya ƙirƙiro tsarin a shekarun 1980, ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mai da shi ƙa'idar kowa a farkon shekarun 1990. Shi ya sa dikodar ESU ko Zimo ko SoundTraxx take jin maganar akwatin Digitrax ko NCE ko Roco.

Halin dikoda yana ajiye ne a wasu gurabe masu lamba da ake kira CV. Kowane gurbi yana ɗaukar adadi daga 0 zuwa 255. Duk aikin da ke gabanmu rubutu ne a waɗannan gurabe, saboda haka ka samu littafi ka ware wa kowane kai shafinsa. Kafin ka canja gurbi, rubuta abin da ka tarar a ciki. Idan kana da kwamfutar da za ka jona da akwatinka, manhajar DecoderPro ta JMRI kyauta ce, kuma ita ce za ta riƙe maka wannan lissafi.

Wuta da tsafta

Kai marar sauti yakan tsallake ɗan datti ba ka sani ba. Mai sauti kuwa tona asiri yake yi: wuta ta yanke na ƙiftawar ido, sauti ya ɗauke, wani ma ya koma ya sake tayar da inji daga farko alhali yana tsakiyar tafiya. Ka goge saman dogo da ƙyalle marar gashi da ɗan sifirit na isopropyl. Ƙafafu kuma, shimfiɗa ƙyallen a kan dogo, ka ɗora rabin ƙafafun a kai, sauran suna taɓa ƙarfe, ka riƙe kan da hannu ka ba shi gudu. Baƙin layi biyu da za ka gani a ƙyallen su ne suke yanke maka sauti. Kada ka kai takardar yashi kan dogo, ƙarcen da take bari shi ne matattarar datti ta gaba.

Kada ka dogara da ƴan ƙarafan da ke haɗa dogo da dogo su kai maka wuta. Ja wayoyi biyu masu kauri a ƙarƙashin tebur, ka riƙa ɗago ƙananan wayoyi zuwa dogo kusan kowace mita. Gwajin mai sauƙi ne: ɗora kwabo ya haɗa dogayen biyu a wurin da ya fi nisa da akwati. Idan akwatin bai yanke wuta nan take ba, wayarka ta yi rauni.

Sai lissafin amfiya. Kan HO mai sauti yakan ci kusan rabin amfiya yana aiki, ƙananan akwatuna kuma amfiya 2 zuwa 3 suke bayarwa. Biyu ko uku a haɗe ba matsala, amma ka tuna waɗanda ke fake a tasha suna ruri su ma ci suke. Akwai kuma kafasiton ajiyar wuta, irin su KeepAlive na TCS da PowerPack na ESU da CurrentKeeper na SoundTraxx. Suna ɗauke kai ya haye mararraba ba tare da sauti ya yanke ba, kuma ni ina ganin duk kan da ke da wuri a cikinsa ya cancanci ɗaya. Illarsu ita ce zarin wuta lokacin kunnawa: idan sun yi yawa a yanki guda, akwati yakan ɗauka waya ce ta haɗu, ya yanke, ya dawo, ya sake yankewa. Maganinsa raba layi yanki-yanki, kowanne da abin yanke wutarsa.

Ba kowa sunansa

Kowace sabuwar dikoda da adireshi 3 take zuwa. Ɗora kan shi kaɗai a layin saiti, wato guntun dogon da aka ware wanda wutarsa ba ta da ƙarfi. Duk abin da ke kan wannan layi zai karɓi abin da ka rubuta, don haka kai ɗaya tak. Fara da karanta CV1. Idan ya dawo maka da 3, an jona komai daidai. Za ka ga kan yana ɗan zabura yayin karatu. Hanyar amsawarsa ke nan, yana fizgar wuta ta cikin moto. Wasu akwatunan ba sa iya karanta dikoda mai sauti saboda kafasitonta yana shanye ƴar wutar layin saiti. Sau da yawa rubutun yana shiga, karatun ne kawai ya gagara. Akwai ƴar na'urar ƙara wa layin saiti ƙarfi, kamar PTB-100, ko kuma ka yi rubutun a babban layi, inda ake aika saƙon ga adireshi guda.

Gajeren adireshi yana CV1, daga 1 zuwa 127. Dogon adireshi yana CV17 da CV18, kuma yawancin akwatuna suna kaiwa 9999. Shawarata ka ba kowane kai dogon adireshi, lambar da ke rubuce a jikinsa, domin adireshin haɗaka da za mu zo kansa shi ma tsakanin 1 da 127 yake, kuma ba ka so su yi karo. Akwati yakan yi maka lissafin, amma ga shi in ka buƙata: raba lambar da 256, ka ƙara 192 a kan amsar, shi ne CV17, ragowar kuma CV18. Lamba 1234 ta ba da 4 da ragowar 210, wato CV17 = 196, CV18 = 210.

Dogon adireshi ba zai yi aiki ba sai an kunna shi a CV29, gurbin da ake tara adadi: 1 na juya gaba da baya, 2 na matakan gudu 28 ko 128, 4 na yarda da tsohuwar wuta, 8 na RailCom (hanyar da dikoda ke mayar wa akwati da bayani), 16 na teburin gudu, 32 na dogon adireshi. Ka tara waɗanda kake so. 34 shi ne na yau da kullum, 42 idan akwatinka yana amfani da RailCom. Ka lura na bar 4 a waje. Da gangan ne. Dikodar da aka bar mata wannan ƙofa takan ruɗe idan wuta ta yi tangal-tangal, ta ɗauka tsohon layi ne, ta fizge da cikakken gudu ba ta jin kira.

In abubuwa sun cakuɗe, rubuta 8 a CV8 yana mai da dikodojin ESU da Zimo da Digitrax da SoundTraxx yadda suka fito daga masana'anta. Na Lenz 33 suke so, na NCE kuma 2 a CV30.

Sauti

Abu na farko, rage ƙara. Daga masana'anta kusan a ƙure suke zuwa, abin da ya dace da zauren baje koli, ba ɗaki ba. Gurbin ƙara ya bambanta: CV63 a LokSound ta ESU, CV128 a Tsunami ta SoundTraxx, CV266 a Zimo. Sauko da shi zuwa rabi, ko ƙasa da haka. Ma'aunina shi ne, idan jirgi ya kai ƙarshen tebur ya kamata ka ji ya yi nisa. Bayan haka ka bi sautukan ɗaiɗai: hon ya fi inji ƙara, ƙararrawa ta yi ƙasa, ƙarar birki da fitar iska su yi ƙasa sosai, domin su ne suke fara gundurar kunne.

Idan sautin siriri ne kamar na rediyon aljihu, kada ka zargi dikoda. Duba lasifika. Dole bayanta ya kasance a rufe ruf cikin ɗan akwati, in ba haka ba iskar gaba da ta baya suna kashe juna. Ka kuma duba om ɗinta ya dace da abin da takardar dikoda ta ce. Yawancin na yanzu 8 ne ko 4, amma tsohuwar LokSound 3.5 ta 100 take so.

Maɓallai ba iri ɗaya ba ne ko'ina. F0 fitila ce a wurin kowa. A jiragen salon Amurka F1 ƙararrawa, F2 hon, F8 kunna sauti ko kashe shi. A na Turai galibi F1 ke kunna sauti, F2 usur. Rubuta na kowane kai a shafinsa, za ka buƙace su nan gaba.

Sai nauyin tashi da tsayawa, CV3 da CV4. Mutane da yawa suna barinsu a sifili, sannan su yi ƙorafin sauti ba ya tafiya da motsi. Ai ba zai tafi ba. Jirgin dizal na gaske injinsa ne ke fara hawa, mataki-mataki har takwas, kafin tan dubbai su yarda su motsa. A ƙa'idar NMRA ana ninka adadin da 0.896 a samu daƙiƙoƙin da kai zai ɗauka daga tsaye zuwa ƙurewar gudu, wato 20 ya ba da kusan daƙiƙa 18. Da wannan, ka murɗa rimot, inji ya yi ruri, jirgi ya biyo baya a hankali. Ka sassauta, inji ya lafa, jirgi ya ci gaba da gangarawa. Na tururi kuma ka ƙirga: mai silinda biyu fuka huɗu yake yi a kowane juyin ƙafa. Sa ido a kan sandar ƙafa a gudu mafi ƙanƙanta ka ƙirga, in bai yi daidai ba ka gyara, a LokSound da CV57 da CV58.

Daidaita gudu

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin ha'inci. Kawuna biyu a haɗe kamar shanun huɗa ne: idan ɗaya ya fi ɗan'uwansa sauri, ba gonar ce za ta yi saurin ƙarewa ba, wuyansu ne zai sha wahala. A jirgi, wahalar tana bayyana a zafin moto, da ƙafafun da ke murzar dogo, da ƙugiyar da ke ta ƙwanƙwasa.

Bar su su zaga na minti goma tukuna, domin moto mai sanyi da man giya mai kauri ƙarya suke yi. Mai da CV3 da CV4 sifili na wucin gadi a dukkansu. Tabbatar duka suna kan matakan gudu iri ɗaya. Kuma ka bar sauti a kunne, tunda a haka za su yi aiki.

Zaɓi wanda ya fi rashin gudu ya zama ma'auni, domin ana iya rage mai sauri amma ba a iya ƙara wa marar ƙarfi. In kana da kawuna da yawa, ka tsai da guda ya zama ma'aunin gidan gaba ɗaya, ta yadda kowanne zai iya haɗuwa da kowanne. Don sanin gudun gaske, auna mita ɗaya a miƙaƙƙen layi ka riƙe agogo. A HO, wanda yake 1:87, raba 313 da daƙiƙoƙin da ya ɗauka, ka samu kilomita a awa: daƙiƙa 10 kusan 31 ke nan, daƙiƙa 3 kuwa ya haura 100. Yawancin kawuna daga kwali suna gudun da na gaskensu bai taɓa yi ba.

Yanzu ɗora su a layi ɗaya, tazarar taki guda a tsakani, ba a saƙale ba, ka haɗa su a rimot don su karɓi umarni ɗaya. Gurabe uku za ka taɓa, ta hanyar rubutu a babban layi ga adireshin wanda kake gyarawa. Fara da CV5, ƙurewar gudu: ƙure rimot, ka duba tazarar tana buɗewa ko tana rufewa, ka rage wa mai saurin har tazarar ta tsaya. Sai CV2, wutar tashi: a mataki na 1 ya kamata su biyun su fara rarrafe tare. Sai CV6, tsakiya, a mataki na 14 cikin 28. Ka sake komawa kan CV5, domin taɓa ɗaya yakan ɗan motsa sauran. Idan suka zaga layi sau ɗaya tazarar ba ta canja fiye da tsawon tarago guda ba, ya isa. Neman fiye da haka ɓata dare ne.

Ka gwada baya ma. Kai da yawa ya fi gudu ta fuska ɗaya, kuma wanda za ka juya ya kalli baya a haɗaka, da bayansa zai yi aikinsa duka. CV66 na gyara gudun gaba, CV95 na baya. 128 shi ne ba ƙari ba ragi, ƙasa da shi ragi, sama da shi ƙari. Wasu tsofaffin dikodoji ba su da CV5 da CV6. Su sai teburin gudu, gurabe 28 daga CV67 zuwa CV94, bayan ka ƙara 16 a CV29. Wannan aikin kwamfuta ne. Da hannu ma ana yi, amma sai mai haƙuri.

Saura abubuwa biyu da suka fi cizon masu sauti. Na farko jinkirin tashi. Wasu dikodoji suna riƙe ƙafafu sai inji ya hau ko an ji sakin birki, wasu kuma nan take suke tafiya. Haɗa waɗannan biyu shi ne ke jawo jan ƙasan da na faɗa a farko, domin giyar irin waɗannan kawuna ba ta barin ƙafa ta juya idan moto na tsaye. A LokSound jinkirin yana CV124, adadi 4: karanta abin da ke ciki, ka cire 4 in yana kunne, kada ka shafe sauran. Na biyu, adadi ɗaya a CV3 ba ya nufin lokaci ɗaya a wurin kowane kamfani. LokSound V4, misali, da 0.25 take ninkawa, don haka 20 ɗinta daƙiƙa 5 ne kacal. Da agogo za ka daidaita, ba da ido a kan lamba ba. Mai da CV3 da CV4 yadda suke a dā, ka tashe su tare ka tsai da su tare, har tazarar ta daina motsi.

Akwai kuma BEMF, dabarar da dikoda ke jin nauyi ta ƙara wuta don gudu ya tsaya daram. Ga kai guda alheri ce. Ga biyu a saƙale takan zama faɗa: na baya ya tura, na gaba ya ji an tura shi ya ja birki, na baya ya ji nauyi ya ƙara wuta. Alamarsa tafiya da fizge-fizge, musamman a gangara. In ka ga haka duk da gudu ya daidaita, rage ƙarfinta kaɗan-kaɗan, a ESU ta CV56. Kada ka kashe ta ɗungurungum, rarrafen mataki na 1 zai lalace.

Hanyoyin haɗawa

Uku ne. Mafi sauƙi ka ba su adireshi ɗaya, wanda zai kalli baya ka ƙara masa 1 a CV29. Ya dace da kawunan da ba za su taɓa rabuwa ba, amma duk maɓallin da ka danna kowa zai amsa.

Ta biyu, akwatin umarni ne ke riƙe haɗin, yana aika wa kowanne saƙon gudunsa. Digitrax suna kiranta UniVersal. Tana aiki da kowace dikoda, hon kuma na gaba kaɗai ke yi. Sai dai haɗin yana cikin akwatin ne. Ka kai jiragen wani layi, babu shi. Kuma kunna injin na baya sai ka kira shi da kansa.

Ta uku ita na fi so ga masu sauti, domin haɗin yana cikin dikoda. Zaɓi adireshin haɗaka daga 1 zuwa 127, a ce 10. Rubuta 10 a CV19 na kan da ke kallon gaba. Wanda ke kallon baya ka ƙara masa 128, ya zama 138. Kira 10 a rimot, ka ba su mataki ɗaya tak. Idan suka nufi juna ko suka rabu, 128 ɗin yana inda bai kamata ba. Wasu akwatunan, kamar na NCE, su ke rubuta CV19 da kansu idan ka bi tambayoyinsu.

Daga nan gudu yana bin adireshin haɗaka, amma maɓallai suna nan a adireshin kowa, sai waɗanda ka ba izini a CV21 da CV22. A CV21 tarawa ake yi: F1 1 ne, F2 2, F3 4, F4 8, F5 16, F6 32, F7 64, F8 128. Ga kawunan salon Amurka, na gaba yana buƙatar ƙararrawa da hon da sauti, 1 + 2 + 128, wato 131. Na baya sauti kawai, 128. In na Turai ne masu sauti a F1 da usur a F2, na gaba 3, na baya 1. Idan akwai maɓallin birki ko na ƙara rurin inji, dole kowa ya ji shi, in ba haka ba ɗaya zai tsaya ɗayan na ja. CV22 na fitila ne da F9 zuwa F12: 1 fitilar gaba, 2 ta baya, sai 4, 8, 16, 32. Na gaba ka ba shi 1, na tsakiya 0. Na ƙarshe mai kallon baya gwada 1, in fitilar da ba ka so ce ta kama ka koma 2, domin kamfanoni sun saɓa a yadda suke fassara wannan.

Ni nakan cire maɓallin sauti daga CV21 gaba ɗaya. Na fi son in kira kowane kai da adireshinsa in tayar da shi, ɗaya bayan ɗaya. Injuna biyu masu fayil ɗin sauti iri guda, idan suka tashi a daƙiƙa ɗaya, ba sa jin kamar biyu, sai dai ɗaya mai amsa-kuwwa. Tazarar ƴan daƙiƙoƙi tana raba muryoyin. Ka kuma rage wa na baya ƙara kaɗan.

Da taragu a baya

Kafin ka saƙala, duba tsayin ƙugiyoyi da ma'auninsu. Ƙugiyar da ta ɗan sauka takan zame a farkon hawa, daidai lokacin da nauyi ya fi yawa. In har akwai ɗan bambancin gudu da ya rage, sa mai saurin a gaba, ƙugiya ta zauna a miƙe. Fara da taragu kaɗan, ka zaga, ka taɓa jikin kowane kai bayan ɗan lokaci. Wanda ya fi zafi shi ke ɗauke da aikin, ko kuma shi ake ja.

Sa kai a tsakiyar jirgi ko a can ƙarshe yana turawa ya fi wannan buƙatar daidaito. Idan na bayan ya fi sauri, zai tattara taragu marasa nauyi ya ture su waje a kwana. Idan ya fi jinkiri, za a ja su ta ciki su kife. Sa masu nauyi kusa da mai turawa, kuma ka lura da ƙugiyoyi a tsakiyar jirgi: ya kamata a samu wurin da suke sake-sake, gabansa a miƙe, bayansa a matse. Ka tuna kuma kai mai kafasiton ajiya yakan ci gaba da tafiya na ɗan lokaci bayan wuta ta yanke, wanda ba shi da shi kuwa tsayawa yake cak. Kada ka haɗa irin waɗannan biyu da taragu a tsakaninsu.

Idan ka gama, kwance haɗin ta hanyar da ka ƙulla shi. Wanda aka ƙulla a akwati, a akwati za a kwance. Na CV19 kuma a mai da shi 0 a kowane kai, domin ɗauke shi daga dogo ba ya goge komai. Duk ranar da ka kira wani kai, fitila ta kama, hon ya yi, inji na ruri a tsaye amma ya ƙi motsi, kada ka buɗe shi neman wayar da ta tsinke. Rubuta masa 0 a CV19 ka sake gwadawa.